Kasuwar tsofaffin kaya ta shiga salula: Wace irin fuska ta dace da ita?

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Katako da ke birnin Yamai da hantsi, ya san ƙarar guduma ce ke fara tarbarsa tun kafin ya ga mai bugun. Nan wani na fasa durom domin ya fidda murhu da akwatin ƙarfe, can wani na narka tarkacen alminiyam yana zubawa cikin rairayi tukunya na fitowa, gaba kaɗan kuma wani na yanka tsohuwar taya yana fidda takalma. Wannan sana'a ba a Yamai kaɗai take ba, akwai ta a Maraɗi da Damagaram da Birnin Ƙonni, akwai ta a Panteka ta Kaduna, kuma da wuya a ci kasuwar kan iyaka a watse ba a ga ana lodin buhunan gwangwani da jarkoki da dilolin gwanjo ba.

Abin da ya sauya a ƴan shekarun nan shi ne cinikin ya fara barin rumfa yana shiga wayar salula. Mai kaya a wannan gefen iyaka sai ya ɗauki hoto ya tura ta WhatsApp, mai saye a wancan gefen ya duba ya maido amsa da murya, a daidaita, a tura kuɗi, direba ya kai kaya. Daga nan kuma tunani ya kai ga a gina wa wannan ciniki kasuwarsa ta musamman a intanet, inda mai tsohon kaya da mai sana'ar da ke neman sa za su riƙa haɗuwa. To a nan ne wata tambaya ke tasowa, wadda mutane da dama ke ɗauka ƙarama ce: idan an buɗe waya an shiga wannan kasuwa, me ido zai fara gani? Wane launi, wane irin rubutu, wane irin hoto, kuma a ina za a ajiye farashi?

Mu da muke aiki a gidajen rediyon al'umma, muna karanta tallar kaya da cigiya da sanarwar kasuwanni kusan kullum, mun san cewa yadda aka jera magana yana iya kawo ciniki, yana kuma iya kore shi. Abin da ke tsakanin murya da kunne shi ne ke tsakanin allon waya da ido. Ra'ayinmu shi ne, a kasuwar da mai saye ba ya taɓa kaya da hannunsa, fuskar kasuwar ita ce ke tsaya masa matsayin ido da hannu da shaida, saboda haka duk wanda zai zana ta amana ce aka ba shi.

Mai narkawa da mai sauya wa kaya aiki

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambance tsakanin masu saye iri biyu. Na farko shi ne mai narkawa ko niƙawa, wanda ke sayen ƙarfe ko roba domin kai wa masana'anta. Shi wannan ba ruwansa da kamannin kaya, sikeli ne alƙalinsa, kilo nawa ne, kuma nawa kilo. Na biyu shi ne mai sana'ar da ke ɗaukar abu yadda yake, ya sauya masa aiki har darajarsa ta ƙaru: maƙerin da ke maida durom murhu ko ƙofa, telan da ke haɗa guntayen ƙyalle ya ɗinka shimfiɗa, macen da ke saƙa jaka da zaren buhu, kafintan da ke yin benci da katakon da aka ɗauro kaya a kansa. Turawa sun raɗa wa wannan aiki na biyu sunansa na daban, kuma ana danganta sunan da wani injiniya Bajamushe mai suna Reiner Pilz, wanda a wata hira da aka yi da shi a 1994 ya koka kan yadda ake farfasa tubalan tsofaffin gine-gine ana niƙewa, maimakon a ƙara musu daraja. Mu kuwa a ƙasar Hausa mun daɗe muna yi ba tare da mun sa masa suna ba, domin fitilar aci-bal-bal ta gwangwani ta girmi wannan hira nesa ba kusa ba.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin zanen kasuwar baki ɗaya. Mai saye na biyu yana son ya san girman abu da kaurinsa da lafiyarsa. Durom mai lita 200 da tsatsa ta huda gindinsa kilonsa kusan ɗaya ne da mai lafiya, amma ga mai neman mazubin ruwa bai da amfani ko kaɗan. Saboda haka kasuwar da aka zana ta kamar ta masu sikeli, wato suna da kilo da farashi kawai, ba za ta biya wa mai sana'a buƙata ba.

Ba a cinikin biri a sama

Hoto shi ne abu na farko da ya kamata ya cika fuskar waya, rubutu ya biyo baya. Amma ba kowane hoto ba. Masu tsara kasuwannin sababbin kaya sun saba gyara hoto, a ƙara masa haske, a goge tabo, domin ya ja hankali. A cinikin tsohon kaya wannan ɗabi'a algus ce, domin tabon da aka goge shi ne ainihin abin da mai saye ke son gani kafin ya taya.

Ƴan gwanjo sun fi kowa sanin zafin sayen abin da ba a gani ba. A kasuwar Kantamanto da ke birnin Akra na ƙasar Gana, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon watan Janairu na 2025, wata ƙungiya mai suna Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shigowa kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na barin kasuwar ne a matsayin shara. Babban dalili shi ne ɗan kasuwa na biyan kuɗin dila a ɗaure, sai ya yanke igiya sannan yake sanin abin da ya saya. Kasuwar intanet da ke nuna hoto ɗaya daga nesa, dila a ɗaure ce aka sake kawowa cikin waya.

A ɗaya gefen kuma akwai misalin wata ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Rotor DC a babban birnin ƙasar Beljiyam, wadda ke kwance ƙofofi da fitilu da tayil daga gine-ginen da za a rushe, ta tsabtace su, ta sayar a shagonta da kuma ta intanet. Kowane kaya ana nuna shi ne da hotonsa a sarari, tare da tsawonsa da faɗinsa da adadin da ya rage. Abin koyi a nan shi ne sauƙin tsarin, kuma babu abin da ya fi ƙarfin mai rumfa a Jibiya ko Ɗan Isa. A shimfiɗa buhu ko tabarma mai launi ɗaya, a ɗora kaya a inuwa mai haske, a ɗauki gaba da baya da ciki da gindi. A ajiye wani abu da kowa ya san girmansa a kusa, kamar kwalin ashana ko tef ɗin tela, domin ido ya auna. Sannan kasuwar da kanta ta keɓe gurbi guda na musamman domin hoton aibi, wato huda ko tsatsa ko yagewa, ta yadda mai kaya ba zai iya wucewa gaba ba sai ya cika shi, ko ya tabbatar da bakinsa cewa babu aibi. Gani ya kori ji, kuma rigimar da ake yi bayan an sauke kaya za ta ragu ƙwarai.

Wanda bai yi boko ba fa?

Alƙaluman hukumar UNESCO sun nuna cewa a Nijar manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai 4 cikin 10 ba. Da yawa daga cikin manyan ƴan kasuwarmu allo suka yi, suna karanta ajami, suna riƙe lissafin miliyoyi a ka, amma dogon bayani da Faransanci ko Turanci a kan waya yana sa su miƙa wa yaro ya karanta musu. Duk lokacin da hakan ta faru, sirrin ciniki ya fita, kuma mai kaya ya koma hannun wani.

An yi bincike a kan wannan matsala a ƙasar Indiya. Wata mai bincike mai suna Indrani Medhi da abokan aikinta na cibiyar binciken kamfanin Microsoft da ke birnin Bangalor, sun yi aiki da mata masu aikatau da ba su yi karatu ba, suka kuma wallafa sakamakonsu a 2006. Abin da suka gano shi ne, zanen hannu mai kama da abin da mutum ya sani a rayuwarsa ya fi ƴan alamomin da masu kwamfuta suka saba da su saurin fahimta, kuma idan aka haɗa zanen da murya mai bayani abin ya fi sauƙi. Sun kuma lura cewa mutane da dama da ba su iya karanta kalmomi ba suna gane lambobi.

Wannan ya yi daidai da abin da muke gani a kasuwanninmu. Ɗan keken tura kaya na manyan kantunan Turai, wanda kasuwannin intanet ke sakawa a matsayin alamar saye, bai da ma'ana ga wanda bai taɓa shiga irin wannan kanti ba. Amma a zana sikeli, ko buhu, ko baro, ko hannu biyu suna musabaha, kowa ya gane. Rukunin kaya ma haka: taya, durom, jarka, kwalba, ƙyalle, katako, kowanne da zanensa babba wanda yatsan mai aikin ƙarfe zai iya dannawa ba tare da ya taɓa na kusa da shi ba. Kusa da kowane zane a sa alamar lasifika, idan an taɓa ta murya ta faɗi sunan abin da Hausa. Mai kaya shi ma a ba shi damar yin bayanin kayansa da baki, tunda da ma saƙon murya shi ne wasiƙar ƴan kasuwa a yau.

Inda kuma dole sai an yi rubutu, to a kula da haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ba kowane samfurin rubutu ne ke ɗauke da su ba, shi ya sa wani lokaci za ka ga ɗan akwati ko alamar tambaya a tsakiyar kalma. Wasu kuma sai su jefar da lanƙwasar gaba ɗaya, a rasa gane kura ake nufi ko ƙura, kara ko ƙara. Akwai samfuran rubutu na kyauta da ke da waɗannan haruffa cikakku, kamar Noto na kamfanin Google, da Andika wanda ƙungiyar SIL ta tsara musamman domin masu koyon karatu. Babu uzurin barin su. Kuma mai zanen da ya ƙara da zaɓin ajami zai ga dattawan da bai zata ba sun shigo da kansu.

Launi ba ado kaɗai ba ne

Akasarin masu zana irin wannan kasuwa suna zaune ne a ɗaki mai inuwa gaban babbar kwamfuta, alhali wanda zai yi amfani da ita yana tsaye ne cikin rana tsaka a Maigatari ranar Alhamis, da ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, ga ƙura ga gumi. Rubutu mai ruwan toka a kan fari, wanda ke da kyau a ofis, ɓacewa yake a irin wannan wuri. Ƙa'idar da masana intanet na duniya suka amince da ita ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangon da yake kai kada ya gaza ninki 4.5. A taƙaice dai, baƙi a kan fari, ko fari a kan launi mai duhu sosai, da haruffa manya.

Akwai kuma al'adar da ta zama ruwan dare, duk abin da ya shafi tsohon kaya sai a shafe shi da kore, a zana ganye, a sa kibiyoyi uku masu bin juna. Wannan alama ta kibiyoyi wani ɗalibi ne ɗan shekara 23 mai suna Gary Anderson ya zana ta a Amurka a 1970, a wata gasa da wani kamfanin kwali ya shirya. Alama ce mai tarihi, amma saƙonta na kare muhalli ne, kuma maƙerin da ke neman falle goma na ƙarfe kafin ranar kasuwa ba wa'azin muhalli ya zo saurare ba. Abin da zai fi yi masa amfani shi ne a koya masa lambobin da ake bugawa a gindin kayan roba, daga 1 zuwa 7, waɗanda masana'antun roba na Amurka suka fito da su a 1988. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da lemo, lamba 2 kuma ita ce ta yawancin jarkoki masu kauri. Idan kasuwar ta nuna waɗannan lambobi manya a jikin rukunin roba, mai tara kaya zai iya ware su tun daga gida, farashinsa kuma ya ƙaru.

Shawararmu ita ce a taƙaita launuka, biyu ko uku sun isa, domin a bar hoton kaya ya yi magana. Kada a dogara da launi shi kaɗai wajen isar da saƙo, saboda akwai mutane, musamman maza, da idonsu ba ya bambance ja da kore, don haka kowane launi ya zo da zanensa. A kuma yi hattara da launukan jam'iyyun siyasa na ɓangarorin iyaka biyu, kada kasuwa ta wayi gari an yi mata kallon ta wani ɓangare.

Ja kuwa a ajiye shi domin haɗari kawai. Manomanmu sun riga sun san wannan yare daga kwalaben maganin ƙwari, inda ake sa jan layi a kan mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Kuma haɗarin a wannan ciniki na gaske ne. Durom ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ba ta dace da ruwan sha ko man girki ba ko an wanke ta. Tsohon batirin mota yana ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan tukwanen alminiyam da ake zubawa da tarkace a ƙasar Kamaru ya gano cewa dalma na iya fita daga jikinsu lokacin girki. Saboda haka wajibi ne kasuwar ta tambayi mai kaya abin da mazubi ya taɓa ɗauka, kuma amsar ta fito da jan tambari a saman hoto, inda ido ba zai tsallake ba. Wanda ya ɓoye wannan a ƙasan shafi da ƙananan haruffa yana da kaso a cikin alhakin duk wanda ya cutu.

Ɗari nawa, jaka nawa?

Babu inda mai zanen da bai san kan iyaka ba zai fi yin tuntuɓe kamar wajen farashi. A Nijar da dala muke lissafi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan ɗan Maraɗi ya ce ashirin, sefa 100 yake nufi, idan ya ce ɗari, sefa 500 ke nan, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. A tsallake iyaka kuwa, ɗari naira 100 ce, kuma dattijon da ya ce jaka a Katsina naira 200 yake nufi. Kalma ɗaya, kuɗi daban. A rumfa ana warware wannan da baki cikin daƙiƙa guda, amma a waya idan aka rubuta 100 kawai, ko murya ta ce ɗari ba tare da ƙarin bayani ba, an shuka rigima.

Don haka farashi ya fito da manyan lambobi, sunan kuɗin na manne da shi, kuma zai fi kyau a sa ɗan zane mai nuna sefa ce ko naira. Muryar da ke karanta farashi ta bi lissafin ƙasar mai sauraro. A kuma rubuta ranar da aka sa farashin, domin sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro tun 1999, inda yuro ɗaya ke daidai da sefa 655.957, alhali naira tana hawa tana sauka, musamman tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Farashin makon jiya na iya zama asara a wannan mako. Haka nan a fayyace ma'auni, kilo ne, ko guda, ko dozin, ko buhu, kuma a bayyana ko kuɗin mota da na duwan suna ciki ko suna kan mai saye.

Sai maganar nauyi. A bakin iyaka rezo, ko sabis kamar yadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa, yana zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci ma waya ta kama na ƙasar maƙwabta kuɗi su zube ba a sani ba. Hoton da waya ke ɗauka kan kai mega 3 ko fiye, amma ana iya matse shi ya dawo kilobait 100 ba tare da ya daina nuna abin da ake buƙata ba, ragin kusan ninki 30 ke nan. Kasuwar da ke cike da hotuna masu motsi da bidiyon da ke kunna kansa tana cin kuɗin talaka ne tun kafin ya sayi komai. A fara nuna ƙaramin hoto, wanda ke son babba ya taɓa. Kuma lambar wayar mai kaya ta kasance a fili da babban madanni na kira, tunda a ƙarshe da baki ake ƙulla ciniki.

Mutuncin masu sana'a

Akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba, wato yadda fuskar kasuwa ke nuna mutanen da ke cikinta. Mun san irin kallon da ake yi wa ƴan jari-bola da ƴan gwangwan, alhali su ne ke ciyar da maƙera da masu zubin tukwane da kayan aiki. A ƙasar Barazil an fuskanci irin wannan raini, sai wani mai zanen bango da ake kira Mundano ya fara wani shiri a birnin Sao Paulo a 2012 mai suna Pimp My Carroça, inda ake gyara kurar masu tsintar kaya, a yi mata fenti mai kyau, a sa mata abin da ke ƙyalli da dare domin motoci su gan ta. A 2017 shirin ya fito da manhajar Cataki, wadda ke haɗa mai kayan zubarwa da mai tsinta na kusa da shi, tana nuna sunan mai tsintar da irin kayan da yake karɓa da yadda za a same shi. Darasin shi ne an gabatar da shi a matsayin mai sana'a da ake nema, ba abin tausayi ba.

Kasuwarmu ma haka ya kamata. Kada tambarinta ya zama juji ko kwandon shara, kuma kada sunanta ya ƙunshi bola. A nuna abin da kaya ke zama bayan sun bi ta hannun gwani: taya a gefe guda, takalmi a ɗaya gefen, durom nan, murhu can. Wannan shi ke buɗe wa mai saye ido, shi ne kuma ke ɗaga farashi. Game da hoton fuska kuwa, a bar wa mutum zaɓi, domin mata da yawa masu saƙa da ɗinki a cikin gida ba za su so a baza hotonsu ba, alamar sana'arsu ta wadatar.

Mutunci kuma yana tafiya da tsare kai. Babban abin da ke ɓata sunan wannan ciniki shi ne kayan sata, irin su wayar wutar lantarki ta tagulla, da murfin magudanar ruwa, da ƙarfen gada. Tun a fuskar farko ya kamata kasuwa ta nuna zanen irin waɗannan kaya da jan layi a gicciye, kowa ya san ba a karɓar su. Sannan a samar da alamar shaida ga mai kayan da sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiyarsa ya tsaya masa. Wannan ba baƙon abu ba ne, aikin da dillali da mai masauki suka daɗe suna yi ne a fatauci, su tsaya tsakanin baƙo da ɗan gari su ce mun san shi. Sai dai alamar ta zama mai wuyar samu, domin idan kuɗi kawai ke sayen ta, ba ta fi fenti a kan tsatsa ba.

A kai zanen kasuwa kafin a gina

Kiranmu ga matasan da suka ƙware a kwamfuta, a Yamai suke ko Maraɗi ko Kano, shi ne kada su yanke hukunci a ɗaki. Tun kafin a kashe ko dala a kan ginin manhaja, a zana fuskokin a takarda, a ɗauka a tafi kasuwa ranar da take ci. A miƙa wa maƙeri da tela da mai tura kura da dattijon da ke sayar da kwalabe, a ce kowannensu ya nuna inda zai taɓa idan yana neman jarka goma, sannan a yi shiru a kalla. Inda hannunsa ya tsaya yana laluben hanya, nan ne zanen ya gaza, ba mutumin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku kuma ƴan kasuwa, idan aka zo muku da tallar wata kasuwar waya aka ce ku shiga, kada ƙyalƙyali ya ruɗe ku. Ku fita da wayar cikin rana ku ga ko tana karantuwa. Ku duba ko za ku iya sa kayanku da kanku ba tare da kiran yaro ba. Ku duba ko farashi ya faɗi sefa ce ko naira, ko akwai wurin nuna aibin kaya, ko ana faɗin abin da durom ya taɓa ɗauka, ku kuma lura da kuɗin intanet nawa ta cinye muku cikin minti biyar. Idan ta ci wannan jarrabawa, to masu ita sun san da ku suka gina ta. Idan ta faɗi, ku gaya musu gaskiya su koma su gyara, domin da kayanku da sunanku za a ci kasuwar.

Allah ya ba da sa'a, ya kawo kasuwa mai albarka.